Tsibiran da Sin da Japan ke jayayya a kansu: na wane ne tun asali?

Sani_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana tarihin zauren nan. Kusan kullum sai ka ji a labarai jiragen ruwan Sin sun shiga kusa da wasu tsibirai, Japan ta kai ƙorafi, Sin ta ce ai ruwanta ne. Japanawa na ce musu Senkaku, Sinawa na ce musu Diaoyu, kuma an ce ko mutum ɗaya ba ya zaune a kai. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, Japan ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka ce ta mayar da duk abin da ta ƙwace. To me ya hana waɗannan komawa? Ni dai a ganina Japan ce ke riƙe da kayan mutane.

Ɗan_Damagaram:
Wa alaikumus salam. Mutum babu, amma akwai awaki. Wasu 'yan kishin ƙasa na Japan ne suka kai su babban tsibirin a 1978, suka yi ta haihuwa har suna neman cinye ciyawar wurin. Ka ga manyan ƙasashe biyu suna zare wa juna ido a kan makiyayar akuya.

Malam_Habu_Tarihi:
Malam Sani, tambayarka ta yi ma'ana, amma ka yanke hukunci da wuri. Ƙananan tsibirai ne biyar da duwatsu uku a Tekun Gabashin Sin. Tsakaninsu da Taiwan kimanin kilomita 170, tsakaninsu da tsibirin Ishigaki na Japan ma kusan haka, zuwa gaɓar Sin kuwa kimanin 330. Duk rigimar tana komawa ne kan shekarar 1895, saboda abubuwa biyu sun faru a cikinta, wata uku tsakani.

Ranar 14 ga Janairu majalisar ministocin Japan ta yanke shawarar shigar da tsibiran cikin lardin Okinawa. Hujjarta ita ce tun 1885 take bincike, ba ta ga alamar ikon kowa a wurin ba, ƙasa ce marar mai ita. Sai kuma ranar 17 ga Afrilu aka sa hannu kan yarjejeniyar Shimonoseki, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin da Japan ta ci daular Qing mai mulkin Sin a lokacin. A ciki Sin ta sallama Taiwan da tsibiran da ke ƙarƙashinta, da tsibiran Penghu, da yankin Liaodong, ga diyyar azurfa tayil miliyan 200.

Sin na cewa waɗannan tsibirai suna cikin na Taiwan, don haka ganimar yaƙi ce, ya kamata su dawo tare da Taiwan a 1945. Japan na cewa a'a, ta riga ta ɗauke su kafin yarjejeniyar, ba sa cikinta, saboda haka ba sa cikin abin da za a mayar. Sunansu bai fito a takardar Shimonoseki ba. A nan gizo ke saƙar.

Sani_Fagge:
To Malam, a watan Janairun 1895 ai ana tsakiyar yaƙi ke nan, ko?

Malam_Habu_Tarihi:
Ƙwarai. An fara a tsakiyar 1894, kuma zuwa Janairu kowa ya ga inda nasara ta karkata.

Barista_Zulai:
Bari in ƙara wa Malam Sani harsashi. A 1885 da aka kawo shawarar a kafa alama a tsibiran, ministan harkokin wajen Japan na lokacin, Inoue Kaoru, ya ce a dakata, domin suna kusa da Sin, suna da sunayen Sinanci, kuma kafa alamar zai jawo zargi daga gwamnatin Qing. Aka jingine maganar shekara goma. Sai da rundunar ruwan Sin ta karye sannan aka ɗauko ta, kuma ba a yi shelar shawarar ga duniya a lokacin ba. Idan da gaske ƙasa ce marar mai ita, jiran me aka yi? Wannan ita ce hujja mafi nauyi a hannun Sin, a ganina ta fi ta tsofaffin littattafai ƙarfi.

Yakubu_Jos:
Waɗanne tsofaffin littattafai kuma?

Barista_Zulai:
Rubuce-rubucen jakadun daular Ming ta Sin da ake aikawa masarautar Ryukyu, wato yankin Okinawa na yau. Akwai na wani jakada Chen Kan a 1534, ya ambaci tsibiran a hanyarsa. Matsalar ita ce a shari'ar ƙasa da ƙasa ganin wuri da raɗa masa suna ba ya wadatarwa. Ana so a ga ka yi mulki: ka karɓi haraji, ka kafa doka, ka ajiye jami'i. A wannan fannin Japan ta fi tara takardu. Bayan 1895 ta ba wani ɗan kasuwa, Koga Tatsushiro, hayar wurin, ya kafa sana'ar busar da kifi da tara gashin tsuntsaye, har ma'aikata suka haura 200 a wani lokaci. A 1940 sana'ar ta mutu aka watse.

Abu_Hafsat:
Barista kin ba wannan hujja kin ba wancan. Wa kike karewa ne?

Barista_Zulai:
Ba wanda ya biya ni tukuna, Yallaɓai.

Garba_Kwari:
Ni ba na da ilimin tarihi, amma ina Guangzhou sarin kaya a watan Satumban 2012, lokacin da gwamnatin Japan ta sayi uku daga cikin tsibiran daga hannun iyalin da ke riƙe da su. Wallahi na ga abin da ban taɓa gani ba a ƙasar. Mutane dafifi a titi da tutoci, shagunan abincin Japanawa sun rufe, masu motoci ƙirar Japan suna manna tutar Sin a jiki don kar a farfasa musu. Wanda nake sayen yadi a wurinsa, mutum mai sanyin hali, da na tambaye shi me ke cikin tsibiran nan haka, bai yi min maganar mai ko kifi ba. Labarin abin da sojojin Japan suka yi wa ƙauyen kakanninsa ya shiga ba ni. Tun ranar na gane ba duwatsun ne damuwarsu ba.

Malam_Habu_Tarihi:
Alhaji Garba ya taɓo jijiyar. Kuɗin da aka biya yen biliyan 2.05 ne, kuma gwamnatin firaministan Japan na lokacin, Noda, ta ce ta saya ne don ta riga gwamnan Tokyo, Ishihara Shintaro, wanda ya fara tara kuɗi zai saya, kuma an san shi da tsokanar Sin. Wato a tunaninsu kashe wuta suke yi. Sai dai an yi cinikin ranar 11 ga Satumba, mako guda kafin 18 ga wata, ranar da Sinawa ke tunawa da abin da ya faru a Mukden a 1931.

Maryam_Shenyang:
Mukden ɗin nan ita ce Shenyang ta yau, garin da nake karatu. Duk shekara ranar 18 ga Satumba da safe ana busa jiniya a gari, motoci su tsaya suna danna oda. A ranar ce a 1931 hafsoshin Japan suka dasa bam a layin dogon da kamfanin ƙasarsu ke gudanarwa, suka ɗora wa sojojin Sin, suka fake da haka suka mamaye Manchuria baki ɗaya. A 1932 suka kafa ƙasar jeka-na-yi-ka mai suna Manchukuo, suka ɗora Puyi, sarkin Qing na ƙarshe. Yaran firamare a nan sun haddace wannan tarihin kamar karatun allo.

Ɗan_Damagaram:
Kuma duniya tana kallo?

Malam_Habu_Tarihi:
Ta aika kwamiti. Tsohuwar majalisar ƙasashen duniya da ke Janeba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ta tura tawaga ƙarƙashin wani Bature ɗan Ingila, Lytton. Rahotonsu ya ce ba mutanen yankin ne suka kafa Manchukuo da kansu ba. A watan Fabrairun 1933 aka kaɗa ƙuri'a, ƙasashe 42 suka amince da rahoton, Japan kaɗai ta ƙi, Siyam, wato Thailand ta yau, ta ƙaurace. Wakilin Japan, Matsuoka Yosuke, ya tattara mutanensa ya fice, ƙasarsa ta bar majalisar. Ba takunkumi, ba komai. Mussolini yana lura da duk wannan, shekara biyu bayan haka ya afka wa Habasha. Abin da ya ci Manchuria shi ya ci Haile Selassie.

Yakubu_Jos:
Mun fara nisa da tambayar Malam Sani fa. Ya ce an umarci Japan ta mayar da abin da ta ƙwace. A ina aka rubuta haka, kuma me aka rubuta?

Barista_Zulai:
A Alƙahira aka fara. Watan Nuwamban 1943 Roosevelt na Amurka da Churchill na Birtaniya da Chiang Kai-shek na Sin suka haɗu a Masar, aka fitar da sanarwa ranar 1 ga Disamba. Ta ce yankunan da Japan ta sace wa Sinawa, irin su Manchuria da Formosa, wato Taiwan, da Penghu, za a mayar wa Jamhuriyar Sin. Sunaye uku aka kira. Sin na cewa misali aka bayar, ba a rufe jerin ba. Japan na cewa abin da ba a sata ba ba ya cikin lissafi tun farko.

Sai sanarwar Potsdam ta 26 ga Yulin 1945. Sakin layi na 8 ya ce za a aiwatar da sharuɗɗan Alƙahira, kuma ikon Japan zai tsaya a manyan tsibiranta huɗu, Honshu da Hokkaido da Kyushu da Shikoku, da ƙananan tsibiran da masu nasara za su ayyana. Japan ta amince da wannan da ta miƙa wuya. Tambayar ita ce, su wa suka ayyana, kuma yaushe?

A San Francisco aka yi, ranar 8 ga Satumban 1951, kuma babu Basine ko ɗaya a zauren. Zuwa lokacin Sin ta zama gwamnati biyu, ta Mao a Beijing da ta Chiang a Taiwan. Birtaniya ta amince da Beijing, Amurka na tare da Chiang, da suka kasa daidaitawa sai suka ƙi gayyatar kowa. Sashe na 2 na yarjejeniyar zaman lafiya da Japan da aka sa wa hannu a wurin ya ce Japan ta saki Taiwan da Penghu, bai faɗi wa ta sakar wa ba. Sashe na 3 ya sa tsibiran kudu, har da Okinawa, ƙarƙashin kulawar Amurka, kuma Amurka ta haɗa da waɗannan tsibirai a cikin iyakar da take kula da ita. A 1972 da ta mayar wa Japan da Okinawa sai ta miƙa su tare.

Sani_Fagge:
To ai magana ta fito! An raba gadon gona babban magaji ba ya wurin, sannan a ce ya yarda da rabon. Ƙasar da ta fi kowa daɗewa tana yaƙi da Japan, ta rasa miliyoyin mutane, ita aka bari a waje.

Abu_Hafsat:
Malam Sani, sannu dai. Zhou Enlai, firaministan gwamnatin Beijing, ya yi watsi da yarjejeniyar San Francisco tun 1951, gaskiya ne. Amma daga 1945 zuwa 1970 wace rana Beijing ko Taipei suka fito suka ce waɗannan tsibiran musamman namu ne? Amurka har filin gwajin bama-bamai ta mayar da biyu daga cikinsu, ba a ji ƙorafi ba. Jaridar jam'iyyar kwaminis ta Sin da kanta, a wani rubutu na 8 ga Janairun 1953, ta lissafa su a cikin tsibiran Ryukyu, da sunan da Japanawa ke kiransu. Kafin nan a 1920 ƙaramin jakadan Sin a Nagasaki ya rubuta takardar godiya kan ceto masuntan Fujian da jirginsu ya lalace a can, ya rubuta wurin a matsayin yankin Okinawa na Japan. Sai da wani binciken da aka yi ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito a 1969 yana cewa mai yiwuwa akwai man fetur a ƙarƙashin tekun, sannan Taiwan da Beijing suka gabatar da da'awarsu a hukumance a 1971. Ruwa ba ya tsami banza.

Maryam_Shenyang:
Yaya Abu, duba halin da Sin ke ciki a shekarun da ka lissafa mana. Yaƙin basasa har 1949, yaƙin Koriya daga 1950, yunwa, sannan hargitsin juyin al'adu. Tsibiran kuma a hannun sojojin Amurka suke, ba a hannun Japan ba. Lokacin da aka ji za a miƙa wa Japan ne ɗaliban Sin da ke karatu a Amurka suka fara zanga-zanga, a 1970 da 1971. Ba sai an kawo mai ba ma abin yana da bayani.

Abu_Hafsat:
Ƙanwata, duk hargitsin bai hana su yaƙi da Indiya kan iyaka a 1962 ba, bai hana su gwabzawa da Tarayyar Sobiyat kan wani ɗan tsibiri a kogin Ussuri a 1969 ba. Wanda ya iya waɗannan zai iya rubuta wasiƙar ƙorafi.

Baba_Zango_Kumasi:
Ku yara kuna ta Alƙahira Alƙahira, ko kun san akwai jinin iyayenmu a wannan yaƙin? Mahaifina ɗan Boma ne. Rundunoni biyu aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, daga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, suka yi yaƙi da Japanawa a dazukan Boma. Hausa ake yi a cikinsu sosai. Shi ya sa babban barikinmu na Ankara ake ce masa Burma Camp. Allah ya jiƙansa, har ya rasu ba ya son ruwan sama mai yawa, ya ce yana tuna masa da Arakan, wani yanki na Boma.

Yakubu_Jos:
Allah ya jiƙan maza, Baba. Mu ma barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya duk daga can sunayen suka samo asali.

Malam_Habu_Tarihi:
Amin. Baba bai fita daga maudu'i ba ma. Ta Boma ake shigar wa Sin da makamai kafin Japan ta toshe hanyar a 1942, kuma babban abin da ya kai Chiang Alƙahira shi ne a buɗe ta. Roosevelt ya yi masa alkawarin farmaki ta teku, daga nan ya wuce Tehran ya gana da Stalin, da ya dawo aka soke. Haka aka riƙa yi wa Sin a yaƙin nan: a hoto tana cikin manya, a wajen yanke shawara tana bakin ƙofa. A Yalta, Fabrairun 1945, Roosevelt da Churchill suka yi wa Stalin alkawarin tashar Port Arthur da hannu a layin dogon Manchuria don ya shiga yaƙi da Japan, ba tare da Chiang ya sani ba. Wannan Port Arthur ɗin tana cikin Liaodong da Rasha da Faransa da Jamus suka tilasta wa Japan ta mayar a 1895, wai don tausayin Sin, bayan shekara uku Rasha ta karɓe ta haya.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: bisa bayanan ɓangaren Sin na ganawar Alƙahira, Roosevelt ya tambayi Chiang ko yana son tsibiran Ryukyu, shi kuma ya ce ya fi son a haɗa hannu da Amurka a kula da su. Da ya ce eh, da ba mu zauna muna wannan muhawarar ba.

Ɗan_Damagaram:
Da kuma muna wata wadda ta fi ta zafi, a kan Okinawa mai mutum fiye da miliyan.

Hauwa_Garwa:
Ni tambayata mai sauƙi ce. Me ya hana su zuwa kotun duniya kamar yadda Kamaru da Najeriya suka yi a kan Bakassi? An yanke a 2002, an miƙa a 2008, ba a yi yaƙi ba.

Barista_Zulai:
Hajiya Hauwa, wanda ke riƙe da abu ba ya son kotu. Matsayin Japan a hukumance shi ne babu ma wata taƙaddama a kan tsibiran da za a warware. Abin dariyar, akwai wasu duwatsu da Koriya ta Kudu ke riƙe da su, Dokdo ko Takeshima, a can Japan ce ke cewa a je kotu, Koriya na cewa babu taƙaddama. Sin kuwa ba ta yarda kotu ta yi mata hukunci kan ƙasa, kin ga yadda ta yi watsi da hukuncin 2016 a shari'arta da Filifin. Bakassi ma darasi ne mai kaifi biyu. Najeriya ta kawo hujjar cewa mutanenta ne a wurin, ita ke gudanar da mulki, amma kotu ta fifita yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Takarda ta rinjayi zama. A nan kuwa babu takardar da ta kira sunan tsibiran, ko ta Shimonoseki, ko ta Alƙahira, ko ta Potsdam, ko ta San Francisco. Kowa na iya faɗuwa, shi ya sa ba mai son gwadawa.

Garba_Kwari:
To ya aka yi suka shirya har suke kasuwanci haka? Ni na ga kamfanonin Japan birjik a can.

Malam_Habu_Tarihi:
Sun tsallake maganar ne. A Satumban 1972 firaministan Japan Tanaka Kakuei ya je Beijing aka ƙulla hulɗar jakadanci, Sin ta yafe diyyar yaƙi. Tanaka ya ɗauko batun tsibiran, Zhou Enlai ya ce ba ya son tattauna shi yanzu. A 1978 aka yi yarjejeniyar zaman lafiya da abota, Deng Xiaoping, mataimakin firaministan Sin a lokacin, ya je Tokyo, ya ce wa 'yan jarida a bar wa na baya, za su fi su hikima. A lokacin Sin na buƙatar jarin Japan da fasaharta, kuma dukansu na tsoron Sobiyat. Sin na cewa an yi yarjejeniyar jingine batun, Japan na cewa ita ba ta yi da kowa ba.

Abu_Hafsat:
Faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Deng ya san jiragen ruwansa ba su kai ba a 1978. A 1992 suka sa tsibiran cikin dokarsu ta iyakar ruwa, a 2010 da Japan ta kama matuƙin jirgin kamun kifinsu suka matsa har sai da aka sake shi, a 2013 suka shata yankin tsaron sama da ya rufe wurin. Na bayan sun zo, ba hikima suka ƙaro ba, jirage suka ƙaro.

Maryam_Shenyang:
Japan ma ai ba ita kaɗai take tsaye ba. Obama ya faɗa a Tokyo a 2014 cewa yarjejeniyar tsaron Amurka da Japan ta shafi tsibiran. Amma ita Amurkar har yau cewa take ba ta ɗauki ɓangare kan wanda ya mallake su ba, kulawa kawai ta miƙa a 1972. Ita ta ƙulla kullin, ta koma gefe tana cewa ku kwance.

Sani_Fagge:
Na ƙaru sosai, Allah ya saka. Amma har yanzu ina nan kan bakana a kan 1895. Wanda ya jira sai maƙwabcinsa ya faɗi sannan ya ɗauki abu a ɓoye, ko shekara nawa ya yi da shi, ni ban ga ya zama halaliyarsa ba. Shirun shekara 25 da Malam Abu ya kawo dai ya tsaya min a rai.

Abu_Hafsat:
Ka ƙara da 50 na kafin nan, daga 1895 zuwa 1945.

Barista_Zulai:
Waɗannan ba sa lissafuwa, Yallaɓai, Taiwan ɗin kanta tana hannun Japan a lokacin. Wa zai yi ƙorafi kan tsibirin awaki alhali babban ya tafi?

Hauwa_Garwa:
Ita Taiwan fa yanzu ina ta tsaya? Na ga kowa na ambatonta amma ba wanda ya faɗi matsayinta.

Malam_Habu_Tarihi:
Ita ma tana da'awa, tana kiransu Diaoyutai, ta ce suna ƙarƙashin gundumarta ta Yilan. Sai dai a Afrilun 2013 ta zauna da Japan suka yi yarjejeniyar kamun kifi, masuntanta na shiga wani sashe na ruwan, aka bar maganar mallaka a gefe. Beijing ba ta ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Yakubu_Jos:
Malam Habu, an ambaci masarautar Ryukyu an wuce. An ce tana kai gaisuwa ga Sin da Japan duka kafin Japan ta haɗiye ta a 1879, har tsohon shugaban Amurka Grant ya shiga tsakani aka kusa raba ta biyu. Idan ka samu lokaci ka buɗe mana wannan, don ni a nan nake ganin aka fara ɓata lissafin.